Nawa ne haƙƙin wakilin Isa da Sabon Birni?

A watan Agustan 2024 'yan Najeriya suka ji lissafi biyu a kan abin da sanata ke karɓa duk wata, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kusa ninki ashirin. Hukumar RMAFC, wadda tsarin mulki ya ɗora wa alhakin yanka wa masu muƙaman siyasa albashi, ta ce albashi da alawus na sanata a wata naira 1,063,860 ne. A cikin kwanakin ne Sanata Abdurrahman Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa kuɗin gudanar da ofis da ke shigo masa duk wata sun kai naira miliyan 21. Hukumar ta karanto abin da ke rubuce a takardarta, sanatan kuma ya faɗi abin da ke faɗawa asusu, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

A wannan watan ne kuma aka tabbatar wa mutanen Sabon Birni cewa 'yan bindiga sun kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan ya yi makonni a hannunsu. A kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato suka tare shi, kuma duniya ta ga bidiyonsa yana roƙon a cece shi. Duk wanda ya ji waɗannan labarai biyu a lokaci guda, yana zaune a Gatawa ko Tsamaye ko Bafarawa, ba sai an koya masa tambayar da zai yi ba: me muke biyan waɗannan mutane su yi mana, kuma nawa ya dace a biya su?

Fushi yakan sa a amsa da cewa kada a ba su ko sisi. Ni ban yarda da wannan amsa ba, kamar yadda ban yarda da abin da ake yi yanzu ba. Abin da na tsaya a kai shi ne a biya zaɓaɓɓen wakili abin da zai ishe shi, a dunƙule shi wuri guda, kowa ya san adadinsa, a ɗaure shi da albashin ƙaramin ma'aikaci, sannan a toshe duk wata kafa ta bayan fage. Yawan kuɗin matsala ne, amma ɓoye su ya fi yawansu ɓarna, kuma a ƙasar Gobir ake ganin wannan ɓarna ƙuru-ƙuru.

Mu fara da abin da doka ta ce. Sashe na 70 na tsarin mulkin 1999 ya bar wa RMAFC yanke albashin 'yan majalisar tarayya, sashe na 111 kuma ya yi haka ga 'yan majalisun jihohi. Rabon da a sake fasalin wannan albashi tun 2008. Tsurar albashin sanata a shekara naira 2,026,400 ne, na ɗan majalisar wakilai ya ɗan gaza haka, na ɗan majalisar jiha kuma bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Alawus-alawus ne ke ɗaga shi, kowanne kaso ne na tsurar albashin. Akwai kuma waɗanda ake biya sau ɗaya a zango, irin su kuɗin kayan ɗaki da na sallama, kowanne naira 6,079,200 ga sanata, da rancen mota na naira 8,105,600. Idan aka tsaya a nan, babu abin tayar da jijiyar wuya. Miliyan ɗaya a wata, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, ba dukiya ba ce ga mai iyali da ke zaune a Abuja yana kuma da gida a ƙauye.

Sai dai ba a nan aka tsaya ba. Tun a Maris na 2018 Sanata Shehu Sani ya fasa ƙwai, ya ce kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata da sunan gudanar da ofis. Cikin shekara shida adadin ya haura zuwa miliyan 21. Waɗannan kuɗi ba RMAFC ke yanka su ba, daga kasafin majalisar suke fitowa, kasafin da majalisar ce ke amince wa kanta, wanda a 2024 ya wuce naira biliyan 344. A ƙarshen 2023 aka sayo wa 'yan majalisa manyan motoci da jaridu suka ruwaito kowacce ta kai kimanin naira miliyan 160. Da 'yan majalisar wakilai suka yi alkawari a Yulin 2024 cewa za su sadaukar da rabin albashinsu na wata shida saboda tsadar rayuwa, naira 300,000 ne kowannensu zai bayar a wata, domin rabin albashin takarda ake nufi. Babban kason ba a taɓa shi ba.

Ga lissafin da kowa zai iya yi da kansa. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Albashin sanata na takarda ya ninka wannan sau 15. Miliyan 21 kuwa albashin ƙananan ma'aikata 300 ne cif. Wato abin da ke wucewa ta hannun mutum ɗaya a wata zai biya malaman firamare na makarantu da dama a Isa. Kuma a jihar Sakkwato, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa ita ce kan gaba a talauci mai fuskoki da yawa, inda kusan mutum tara cikin goma ke ciki, ake wannan magana.

To me zai hana a ce aikin wakilci ya zama na sa-kai, don Allah da kishin ƙasa? Masu wannan ra'ayi suna da niyya mai kyau, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, ya ɗauki tufafinsa na sayarwa ya nufi kasuwa kamar yadda ya saba, don da ita yake ciyar da iyalinsa. Sayyidina Umar ne ya ga ba zai yiwu a haɗa kasuwa da jagorancin al'umma ba, aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali, daidai da rayuwar matsakaicin mutum. Abu biyu ne a cikin wannan ƙissa, mu kuwa yawanci ɗaya muke ɗauka. An biya shi, don kada neman abinci ya raba masa hankali. Kuma ba shi ya yanka wa kansa ba, wasu ne suka zauna suka ƙayyade, kowa ya sani.

A Ingila ma sai a 1911 aka fara biyan 'yan majalisa, fam 400 a shekara. Masu neman a biya su talakawan ma'aikata ne, tun cikin buƙatun da suka gabatar a 1838, domin sun lura muddin aikin kyauta ne, masu ƙasa da masu masana'antu ne kaɗai za su iya zama a majalisa. A nan Arewa kuma, kafin a kafa baitulmalin En'e a farkon mulkin Turawa, hakimi daga harajin da ya tara yake cire rabonsa, don haka kowace matsa da aka yi wa talaka riba ce gare shi. Yanka albashi ya zo ne don a raba aljihun mai mulki da aljihun hukuma.

A ɗora wannan a kan Isa da Sabon Birni. Idan aka ce wakilci kyauta ne, wa zai tsaya? Malamin makaranta da ya san kowane ƙauye daga Kurawa zuwa Unguwar Lalle ba zai iya ba. Ma'aikacin asibitin da ya ɗinke raunukan harsashi shekara da shekaru ba zai iya ba. Sai attajiri, ko yaron attajiri, ko wanda wani ubangida zai ɗauki nauyinsa ya riƙe masa linzami. A yankin da kuɗin fansa da na satar shanu ke yawo suna neman inda za su fake, barin kujerar wakilci ga duk mai iya ɗaukar nauyin kansa haɗari ne da bai kamata a yi wasa da shi ba.

Amma akwai hujjar da 'yan majalisa ke bayarwa wadda ta fi wannan nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Suna cewa kuɗin ba su ke ci ba. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidan wani Honarabul da sassafe ya san akwai gaskiya a ciki. Tun kafin rana ta fito an cika. Ga mai takardar asibiti, ga wanda matarsa ta haihu babu ragon suna, ga ɗalibin da za a rufe wa rajista, ga dattawan da suka zo a taimaka a rufa masallaci. A gabashin Sakkwato an ƙara wasu layuka da babu su a da: wanda aka sace wa ɗa ana neman cikon kuɗin fansa, ƙauyen da 'yan bindiga suka yanka wa haraji kafin a bar su su yi noma ko su girbe, matan da suka gudo da 'ya'ya suna kwana a makaranta ko a tasha. Wakilin da ya ce wa waɗannan babu, ranar zai ji sunansa a bakin duniya, a ce ya ci shi kaɗai, ba ya alheri, hannunsa ba ya buɗewa. Kowane azumi ana jiran shinkafa da gero, kowace salla ana jiran atamfa da shadda.

Ban raina wannan taimako ba. Wanda aka biya wa kuɗin tiyata ya rayu, kuma ba zai manta ba. Sai dai a duba abin da tsarin ya haifar. Kuɗin jama'a ne aka ɗebo, aka zuba a aljihun mutum ɗaya ba tare da rasit ba, shi kuma yana rabawa ga wanda ya ga dama da sunan kyautarsa. Haƙƙi ya koma alfarma. Wanda ya san hanyar gidan, ko yake da ɗan uwa cikin 'yan jam'iyya, ya samu. Bazawarar da ke Tidibale, wadda ba ta da kuɗin mota kuma hanyar ma ba ta biyuwa, ba ta samu ba, alhali da kuɗin sun tafi asibitin garinsu sun zama magani da albashin ungozoma, da ita ma ta amfana ba tare da ta durƙusa wa kowa ba. Sannan mutumin da ya karɓi dubu goma jiya da wane baki zai tambayi Honarabul yau me ya ce a zauren majalisa game da hanyar Isa zuwa Shinkafi? An saye bakinsa da kuɗinsa.

Shi ma wakilin ba 'yantacce ba ne. Tun daga fom aka fara ɗaure shi. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar sanata naira miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. Na PDP sun fi sauƙi, amma kowa ya san fom somin-taɓi ne, wajen deliget ake kashe na gaske. Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar sanata ya kashe har naira miliyan 100, na wakilai miliyan 70, na majalisar jiha miliyan 30, kansila miliyan 5. Albashin sanata na takarda na shekara huɗu gaba ɗaya bai wuce miliyan 51 da 'yan kai ba, wato kusan rabin abin da dokar ta 2022 ta yarda ya kashe wajen neman kujerar. Ina zai cike giɓin? Wanda ya shiga majalisa da bashi a wuya, ga ɗaruruwan mutane a ƙofa kullum, dole ya lallaɓa shugabannin majalisa da fadar gwamnati, domin a hannunsu ƙarin yake. Aikinsa na farko kuwa shi ne sa ido a kan waɗannan mutanen da yake lallaɓawa. Nan ne ɓoyayyen kuɗi ke kashe wakilci.

Haka abin yake da ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya koka cewa an kashe kimanin naira tiriliyan ɗaya a kansu cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Rijiyar burtsatse da babura da kekunan ɗinki suna da amfani, amma ba don su aka ƙirƙiri majalisa ba.

Don me aka ƙirƙire ta? Misali mai kyau daga Sabon Birni ya fito. A Mayun 2020, watan da 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da saba'in a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da maƙwabtansu, Sanata Ibrahim Abdullahi Gobir ya faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa mutanensa sun koma dogaro da sojojin Jamhuriyar Nijar idan an kawo musu hari. Magana ce mai ɗaci ga gwamnatin jam'iyyarsa, kuma ta zagaye ƙasa. A 2021, shekarar da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, aka kuma ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba, ɗan majalisar jiha mai wakiltar Sabon Birni ta Arewa, Aminu Almustapha Boza, na cikin waɗanda suka riƙa shaida wa kafafen yaɗa labarai cewa ƙauyuka na biyan 'yan bindiga haraji. Kowa na iya samun abin da zai soki waɗannan 'yan siyasa da shi ta wani fannin, amma a waɗannan lokuta sun yi aikin da ake biyan wakili dominsa: ya faɗi abin da mahukunta ba sa son ji, ya kira kwamandoji da kwamishinoni su yi bayani, ya bi diddigin kuɗin tsaro, ya hana kasafi wucewa idan an manta da yankinsa. Sashe na 14 na tsarin mulki ya sa tsaro da walwalar jama'a su ne maƙasudin gwamnati na farko, kuma wakili ne idon jama'a a kan hakan.

Ƙasar Gobir ta san darajar irin wannan tsayuwa tun kafin a san akwatin zaɓe. A taron Babbar Salla da aka yi a Magami wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi wa malamai kyauta, ya miƙa wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zinariya mai yawa. Shehu bai karɓa ba, sai ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar, ciki har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji, Bawa kuma ya amince. Shehu ba zaɓaɓɓe ba ne, kuma ba na cewa wakilin yau ya ƙi albashinsa. Abin lura shi ne da ya karɓi zinariyar ya raba wa almajiransa, da an yaba masa na kwana biyu, amma da bai sami bakin neman waɗancan biyar ɗin ba.

Akwai kuma wani karkataccen abu da ba a cika magana a kansa ba. Sanatan Sakkwato ta Gabas yana wakiltar ƙananan hukumomi takwas, ɗan majalisar wakilai yana da Isa da Sabon Birni, akwai 'yan majalisar jiha, da ciyamomi biyu, da kansiloli fiye da ashirin. A cikinsu wa ake bugawa waya da tsakar dare idan an shiga gari? Wa ke bin gawa zuwa maƙabarta, ya nemo motar kai masu rauni asibiti, ya tsaya tsakanin 'yan sa-kai da jami'an tsaro idan an sami saɓani? Kansila ne, idan na kirki ne. Shi ne mafi kusa da haɗari, kuma shi ne a ƙasan jerin biya, sau da yawa ma ba shi da ofis ko kasafin da zai yi magana a kai. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ya buɗe ƙofar gyara wannan, idan an aiwatar da shi da gaske. Duk gyaran albashin da ya fara daga Abuja ya ƙare a Abuja bai taɓa rayuwar mutumin Gangara ba.

To nawa? Ba zan kauce wa adadi ba. A ganina duk abin da sanata zai kai gida a wata, albashi da alawus a haɗe, kada ya wuce ninki 20 na mafi ƙarancin albashi, wato naira miliyan 1.4 a lissafin yau. Ɗan majalisar wakilai ya bi baya kaɗan, ɗan majalisar jiha ninki 12, ciyaman ninki 10, kansila ninki 5, wato naira 350,000. Ana iya jayayya a kan waɗannan lambobi, a ɗaga wannan a sauke wancan, ba zan yi gardama ba. Abin da ba zan saki ba shi ne ɗaurin: albashin wakili ya motsa ne kawai idan na ƙaramin ma'aikaci ya motsa. A matakin jiha da ƙaramar hukuma kuma, ma'aunin ya zama abin da ake biyan malamin firamare a zahiri, ba wanda aka sanar a rediyo ba, kuma watan da albashin malamai ya makara, na zaɓaɓɓu ma ya jira. Ranar da aka yi haka, malamin Turba ya sami masu kare shi a zauren majalisa ba tare da ya yi yajin aiki ba.

Aikin wakilci yana da tsada ta gaskiya, wannan ba abin musu ba ne, kuma wakilin Isa ya fi na cikin birni kashe kuɗi kafin ya isa ga mutanensa. Sai hukuma ta ɗauki wannan nauyi kai tsaye. Ma'aikatan ofis a biya su ta asusunsu, da sunayensu a rubuce. Hayar ofishin mazaɓa a biya mai gida. Kuɗin tafiya a biya bisa rasit, rakiyar jami'an tsaro kuma hukuma ta tanada. Masauki a Abuja ya zama na gwamnati, mai shiga ya shiga, mai fita ya fita, kamar yadda gidajen 'yan majalisa na Apo suke kafin a sayar da su a zamanin Obasanjo. Ingila ta bi wannan hanya bayan abin kunyar 2009, lokacin da jarida ta bankaɗo yadda 'yan majalisa ke cusa buƙatun gidajensu cikin kuɗin aiki, har wasu suka tafi kurkuku. Suka kafa hukuma mai zaman kanta da ke yanka albashi, tana kuma wallafa abin da kowane ɗan majalisa ya nema aka biya shi.

Manomi a Gatawa idan zai ɗauki ɗan ƙwadago, sai an yi jinga kafin a sa hauya a ƙasa, kuma ba a tsakiyar aiki ɗan ƙwadago zai tsaya ya ƙara wa kansa kuɗi ba. Amurka ta sa irin wannan ƙa'ida a tsarin mulkinta a 1992: duk canjin albashin 'yan majalisa ba ya fara aiki sai bayan an sake zaɓe. Mu ma muna buƙatarta, kuma ta haɗa da kuɗin ofis da motoci, don a nan dabarar take. Jingar kuma ta ƙunshi aikin da za a yi. Tsarin mulki ya wajabta wa majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara, to a wallafa rajistar halarta, wanda bai zo ba babu uzuri a yanke masa. A ƙara da sharaɗin zama da jama'ar mazaɓa a bainar jama'a sau da yawa a shekara, a cikin mazaɓar. Idan hanya ba ta biyuwa ga Honarabul mai rakiya, shi ne ya fi kowa cancantar ya tashi a majalisa ya faɗi haka. Kiranye da doka ta tanada yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 ya nuna wuyarsa ko a inda ake zaman lafiya, balle a yankin da dubun-dubatar mutanensa suka tsallaka zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi tun 2019. Tunda korar wakili ta yi wuya haka, albashinsa ne ragowar igiyar da ke hannun jama'a.

Masu neman ƙari sukan kawo misalin Singafo, inda ministoci ke karɓar albashi mai tsoka don kada su yi sata. A watan Agustan 2025 shugaban RMAFC, Mohammed Bello Shehu, ya ce albashin shugaban ƙasa naira miliyan 1.5 ne a wata, na minista bai kai miliyan ɗaya ba, don haka lokacin sake dubawa ya yi. Ta fuskar takarda yana da gaskiya. Amma a Singafo adadin guda ɗaya ne, sananne, an ma rage shi a 2012 bayan jama'a sun nuna ɓacin rai a zaɓe, kuma a 2024 aka ɗaure tsohon ministan sufuri S. Iswaran shekara guda saboda karɓar kyaututtuka. Wanda ke son albashin Singafo sai ya karɓi kurkukunta. Zan goyi bayan a ɗaga albashin takarda a ranar da aka soke na bayan fage, a takarda ɗaya, da sa hannu ɗaya. Ƙari a kan ƙari kuwa zalunci ne.

Fanshon tsofaffin gwamnoni ba ya buƙatar dogon bayani. Maƙwabtanmu na Zamfara sun nuna ana iya soke shi: a 2019, bayan wasiƙar da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata da doka ta tanadar masa, majalisar jihar ta soke dokar. Wanda ya yi shekara huɗu ko takwas a ba shi kuɗin sallama sau ɗaya, ya koma sana'arsa.

Na san abin da zai fi damun mai karatu a Isa. Zai ce, Malam, idan aka rage wa Honarabul, mu aka rage wa, don gwamnati ba ta zuwa, shi kaɗai muke gani. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma shi ya sa ban ce a yanke kuɗin a mayar Abuja ba. A bar su a mazaɓar, amma a fitar da su daga aljihu. A zuba su a asusun da ke da kwamiti da littafi, mai ɗauke da wakilan masarauta da malamai da mata da 'yan gudun hijira, a san nawa ya shiga, nawa aka kashe a magani, nawa a karatun marayun da hare-hare suka bari. Wakili ya sa ido a kai kamar yadda zai sa ido a kan kowace ma'aikata. Shi kansa zai sami sauƙi, domin yawancinsu a ɓoye suna kukan cewa ƙofar gida ta hana su barci. Mu kuma masu zaɓe sai mun rage wani abu daga namu halin, don ba zai yiwu mu riƙa auna wakili da buhunan da ya raba, sannan mu yi mamakin ya koma neman kuɗin buhu ya bar zauren majalisa ba.

Mafi yawan waɗannan gyare-gyare sai an taɓa doka, wasu ma tsarin mulki, kuma waɗanda za su taɓa su ne masu cin moriyar yadda abin yake. Amma akwai mataki ɗaya da ba ya jiran kowa. Babu dokar da ta hana sanatan Sakkwato ta Gabas, ko ɗan majalisar wakilai na Isa da Sabon Birni, ko 'yan majalisar jiha da ciyamomin yankin, su fitar da takarda duk wata uku mai nuna abin da ya shigo musu daga hukuma, da sunan kowane kaso, da inda ya tafi, a karanta ta da Hausa a Rediyon Rima, a liƙa ta a sakatariyar ƙaramar hukuma. Kafin zaɓen 2027 'yan takara za su zo neman ƙuri'a har sansanonin 'yan gudun hijira. Ƙungiyoyin matasan Gobir da malaman masallatai da 'yan kasuwa suna iya haɗa baki su nemi kowane ɗan takara, ko na wace jam'iyya ne, ya sa hannu a kan wannan alkawari a gaban shaidu kafin a saurari sauran bayaninsa.